Tsohon hannu ko ɗan gobe: yadda ake auna cinikin mai jifa a wasan besbol

A ranar 12 ga Agusta, 1987, ƙungiyar Detroit Tigers ta Amurka ta karɓo Doyle Alexander, mai jifa (ɗan wasan da ke jefa wa mai riƙe da sanda ƙwallo) ɗan shekara 36, daga Atlanta Braves. A madadinsa ta ba da wani yaro ɗan shekara 20 mai suna John Smoltz, wanda bai taɓa taka babbar gasa ba. Har yau masu bin wasan suna ja-in-ja a kan wannan ciniki, kuma da shi za mu auna sauran.

Mene ne ciniki a besbol, kuma me ya sa mai jifa yake da tsada haka?

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ya san ana sayen ɗan wasa ne da tsabar kuɗi. A babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, galibi musaya ake yi, ba ni gishiri in ba ka manda. Ƙungiyar da ke hangen kofi a bana ta miƙa matasan da take raino a ƙananan rukunai, ita kuwa wadda kakarta ta riga ta lalace ta saki ƙwararrenta.

Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya. Mai jifan da ke buɗe wasa yakan fito sau ɗaya cikin kwana biyar, saboda jifa kusan ɗari da ƙarfin gaske na gajiyar da kafaɗa da gwiwar hannu. To amma ranar da ya fito, kusan rabin wasan na hannunsa, domin kowane mai riƙe da sanda sai ya fuskance shi. Ana auna shi da wani lissafi da ake kira ERA, wato matsakaicin makin da aka ci a kansa cikin kowane zango tara, wato tsawon cikakken wasa ɗaya. Wanda nasa ya tsaya wajen 3 gwani ne, wanda nasa ya haura 5 yana cikin matsala.

To me Detroit ta samu a wurin Alexander?

Ta samu fiye da abin da ta yi mafarki. Kafin cinikin, Alexander ya yi nasara 5 ya sha kashi 10 a Atlanta. Da ya isa Detroit sai ya zama wani mutum daban. Ya buɗe wasa 11, an rubuta masa nasara 9, ba a doke shi ko sau ɗaya ba, ERA ɗinsa kuma 1.53.

A lokacin Detroit na kokawa da Toronto Blue Jays a kan shugabancin rukunin gabas. Toronto ta faɗi wasanninta bakwai na ƙarshe a jere, uku na ƙarshen a filin Detroit. A ranar rufe kaka Frank Tanana ya hana su cin maki ko ɗaya, aka tashi 1 da 0. Detroit ta gama da nasara 98, ta ɗara Toronto da wasa biyu kacal. Wasa biyu! Duk wanda ya ce za su kai can ba tare da Alexander ba, bai zauna ya yi lissafin ba.

Daga nan labarin ya juya. A wasannin fitar da gwani Minnesota Twins ta kori Detroit, ta ci wasa 4 Detroit ta ci 1, kuma biyu daga cikin waɗannan huɗun Alexander aka doke. A 1988 ya yi nasara 14 ya faɗi 11. A 1989 ya yi 6 ya faɗi 18, ya ajiye wasa.

Shi kuma yaron da aka bayar fa?

A nan ciwon yake ga mutanen Detroit. Smoltz ɗan jihar Michigan ne, da son Tigers ya tashi, kuma su suka ɗauko shi a 1985. Ya fara babbar gasa da Atlanta a 1988, ya yi shekara ashirin yana musu jifa. Shi da Greg Maddux da Tom Glavine suka riƙe ƙungiyar a zamanin da ta lashe rukuninta sau 14 a jere, suka ɗauki kofin World Series, wato babban kofin gasar, a 1995. A 1996 ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa da nasara 24. Ya yi ritaya da nasara 213, ya fitar da masu sanda fiye da 3,000, sannan a 2015 aka shigar da shi zauren gwarzaye da ke Cooperstown. Ita kuwa Detroit ba ta sake shiga wasannin fitar da gwani ba sai 2006.

Ke nan Detroit ta tafka asara?

Ni ban yarda ba, kuma na san da yawa za su saɓa mini. Ciniki ana auna shi da abin da ke gaban mutane ranar da suka ƙulla shi. A watan Agustan 1987 Smoltz yana ƙaramin rukuni a Glens Falls, yana shan kashi, ERA ɗinsa ya haura 5, kuma bai iya saita jifansa ba tukuna. A zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara, sai a zagaye na 22 aka zaɓe shi tun farko. Akwai ƙarfi a hannunsa, shi ya sa Bobby Cox, wanda ke kula da cinikin 'yan wasa a Atlanta a lokacin, ya so shi. Amma yara masu ƙarfin hannu sun cika ƙananan rukunai, kuma mafi yawansu ba a sake jin sunansu.

Sannan a dubi halin da Detroit ke ciki. Taurarin da suka ci kofi a 1984, irin su Alan Trammell da Lou Whitaker da Jack Morris da Kirk Gibson, suna nan, amma ƙungiyar ta tsufa. Darrell Evans yana da shekara 40. Gibson ya tafi Los Angeles bayan wannan kaka, kuma a 1989 ƙungiyar ta faɗi wasa 103. Ƙofar kofi a buɗe take a 1987, tana kuma gab da rufuwa. Shugaban da ya ga haka ya noƙe don tattalin yaron da ke fama a ƙasa, ya ci amanar waɗannan mutane da magoya bayan da ke cika filin. Atlanta ta yi daidai da ta sayar, tunda kakarta ta mutu kuma ɗan shekara 36 ba zai kai lokacin farfaɗowarta ba. Kowa ya samu abin da ya fita nema, sai dai na Atlanta ya yi albarkar da ko su kansu ba su zata ba.

In za a karɓi tsohon mai jifa, me ya kamata a fara dubawa?

Ba yawan nasarorinsa ba. Nasara ta dogara da makin da abokansa suka ci masa, shi ya sa mutum zai yi jifa mai kyau a ƙungiya marar ƙarfi ya riƙa faɗuwa, kamar Alexander a Atlanta. Masu nazari a yau sun fi duba abin da ke hannunsa shi kaɗai: mutum nawa yake fitarwa ba su taɓa ƙwallo ba, nawa yake bari su wuce kyauta saboda jifan da ya kauce, sau nawa ake dukan ƙwallonsa ta fice daga fili. In waɗannan na da kyau, ERA mai muni yakan gyaru. In ba su da kyau, ERA mai sheƙi na wata biyu ba ya ɗorewa. Alexander dama da dabara da saiti yake jifa, ba da ƙarfi ba, kuma nasa ya koma sama da 4 a kaka biyun da suka biyo.

Sai lafiya. Ba a rufe ciniki sai likitocin mai karɓa sun duba bayanan kafaɗa da gwiwar hannu. Saurin jifa da ya ragu farat ɗaya alama ce da ake tsoro. Jijiyar gwiwar hannu in ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974, kuma takan cinye wa mutum fiye da shekara guda. Smoltz kansa an yi masa ita a 2000.

Kwantiragi da kuɗi fa, ina suka shigo?

Bayan shekara shida a babbar gasa ɗan wasa na da 'yancin zuwa inda ya ga dama in kwantiraginsa ya ƙare. Don haka wanda saura masa wata biyu haya ce kawai, kuma bai kamata a biya farashin saye a kansa ba.

Abin sha'awa, shekara 30 bayan Alexander, Detroit ce ta koma mai sayarwa. A daren 31 ga Agusta, 2017, saura mintuna wa'adi ya cika, ta aika Justin Verlander, ɗan shekara 34, zuwa Houston Astros. Sai da shi kansa ya amince, domin yana da ikon ƙin ciniki. Yana da sauran kaka biyu a kan dala miliyan 28 kowace shekara, Detroit ta ɗauki nauyin wani ɓangare don ta samu matasa masu daraja. Verlander ya yi nasara 5 a wasa 5 cikin Satumba, aka zaɓe shi gwarzon karawa da New York Yankees, Houston ta ɗauki kofi, kodayake daga baya badaƙalar satar alamun abokan hamayya ta ɓata wannan kofin. A 2019 ya ci Cy Young. Houston ta sayi kaka uku ne, ba wata biyu ba.

Matasan da Detroit ta karɓa sun zama Smoltz?

A'a. Franklin Pérez, wanda shi ne kan cinikin, raunin kafaɗa ya hana shi kaiwa babbar gasa. Daz Cameron bai zauna da ƙafarsa ba. Jake Rogers ne ya zama mai kama ƙwallo na yau da kullum. Wannan ya fi kama da yadda abin ke ƙarewa.

To yaushe ne irin wannan ciniki yake zama kuskure na gaske?

Idan ƙofar ba a buɗe take ba, aka kuma biya da yawa. A watan Yunin 2002 Montreal Expos ta karɓi Bartolo Colón daga Cleveland, ta ba da matasa uku a lokaci guda: Cliff Lee da Grady Sizemore da Brandon Phillips. Colón ya yi aikinsa, nasara 10 faɗuwa 4. Amma Montreal ta gama kaka tana bayan Atlanta da wasa 19, kuma a watan Janairun 2003 ta sallama shi ga Chicago White Sox. Dukkan matasan uku sun zama taurari, Lee har ya ci Cy Young a 2008.

Akwai uzuri, domin a lokacin ana barazanar rushe ƙungiyar gaba ɗaya, shugabanninta suna ganin ba su da gobe. Duk da haka ba a rushe ta ba. An mayar da ita Washington a 2005, ta isa can ba tare da ko ɗaya daga cikin yaran ba. Detroit ta ba da yaro ɗaya mai fama tana daf da saman tebur, Montreal ta ba da uku tana nesa da shi, shi ya sa nake kare na farko ba na kare na biyu.