Rubutu ya tsallake akwatinsa a shafin intanet: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Na sa text-overflow: ellipsis a CSS, yaren tsara kamannin shafi, amma ɗigo ukun da ke nuna an yanke rubutu ba su fito ba.

Ba ya aiki shi kaɗai. Ƙara overflow: hidden da white-space: nowrap. Kusan kullum sai an yi mini wannan tambayar.

Na yanke rubutun da PHP, yaren rubuta manhajar shafi, sai wata baƙar alama mai ayar tambaya ta fito a ƙarshe.

Da substr ka yanke, ko? Shi bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, ƙ da ɓ da ɗ kowanne bayit biyu ne, wuƙarka ta faɗa tsakiyar harafi ta raba shi. Koma mb_substr, shi harafi yake ƙirgawa. Haba, mu da muke rubuta Hausa ai bai kamata wannan ya kama mu ba.

Layi biyu nake so ya tsaya.

-webkit-line-clamp: 2, tare da display: -webkit-box, -webkit-box-orient: vertical da overflow: hidden. Kada sunan webkit ya tsorata ka, burauzar Firefox ma ta karɓe shi tun 2019.

Na sa text-overflow, overflow da white-space duka ukun, har yanzu rubutun yana ture komai a cikin flex, wato tsarin jera akwatuna na CSS.

To, nan sai a hankali. Galibi matsalar min-width ce. Duk abin da ke cikin flex yana zuwa da min-width: auto, wato ba zai yarda ya matse ƙasa da faɗin abin da ya ɗauka ba. Idan rubutun yana cikin wani akwati, shi kuma akwatin ne ke zaune cikin flex, sa wa akwatin min-width: 0. Sau da yawa nan take ya daidaita. Amma in flex ne cikin flex, wataƙila sai ka bi su hawa-hawa kana sa wa kowanne. A grid kuwa 1fr na yin irin wannan taurin kai, gwada minmax(0, 1fr). In tebur ne, duba table-layout: fixed. Kwantar da hankalinka, kowa ya taɓa kwana a kan wannan.

In yanke farashi don katin kaya ya yi kyau?

A'a! Na taɓa ganin ₦125,000 ya koma "₦12…" a ƙaramar waya. Kada ka ce title, ɗan rubutun da ke fitowa in an ɗora linzami a kai, zai nuna sauran, mai taɓa allo da yatsa ba ya ganinsa. Farashi, lambar asusu da saƙon kuskure, bar su su sauka layi na biyu. In doguwar lamba ce mara sarari, sa overflow-wrap: anywhere.