Fom ɗin Rajista Mai Dacewa da Ma'ajiyar Kalmar Sirri

Ma'ajiyar kalmar sirri wani sashe ne na burauza irin su Chrome, Firefox da Safari, mai adana sunan shiga da kalmar sirri, ya cike wa mutum su idan ya dawo. Ta fi dogara da alamomin HTML (harshen da ake gina shafukan intanet da shi) da mai gina shafi ya sa. Inda babu su sai ta yi canke, canken kuma yakan kuskure.

A tattara guraben rajista cikin alamar form guda mai maɓallin aikawa na gaske. Gurbin sunan shiga ya ɗauki autocomplete="username". A ƙauyukan Ringim, Gumel ko Rano da yawa lambar waya ce sunan shiga, ba imel ba, don haka a haɗa masa da type="tel", sannan uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan shafin, ta karɓi 080 da +234 a matsayin lamba ɗaya. In ba haka ba, burauza ta cike lambar da ta adana, shafi ya ce bai san ta ba.

Gurbin sabuwar kalma yana buƙatar type="password" da autocomplete="new-password"; wannan ke sa burauza ta ƙirƙiro kalma mai ƙarfi. A shafin shiga kuwa current-password ake sawa. Lambar tabbatarwa da ke zuwa ta saƙon tes a ba ta one-time-code, kada a mai da gurbinta na kalmar sirri, don ma'ajiyar na iya adana ta a madadin kalmar gaskiya.

Hana manna rubutu a gurbi illa ce babba, domin yana tilasta wa mutane zaɓar gajeriyar kalma mai sauƙin canka. Tun 2017 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ma'aunan fasaha, ta shawarci a bar mannawa, a kuma karɓi kalma mai tsawon haruffa 64. Mafi muni shi ne shafin da ke datse doguwar kalma a ɓoye: abin da burauza ta adana daban, abin da uwar garke ta riƙe daban, mai asusu ya rasa ƙofar shiga.

Bayan rajista ta yi nasara, shafi ya sauya ko fom ya ɓace. Da haka burauza ke gane lokacin tambayar adanawa. A shagon intanet (kafe) kuwa, inda ɗalibai ke layin rajistar jarrabawa a kwamfuta ɗaya, a buɗe tagar sirri ta burauza (incognito ko private), domin galibi ba ta tayin adana kalmar kowa.