Ɗaga gaban Hilux, wili da taya: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Na daɗe ina aikin ƙafar mota a Garwa ta Kamaru, tambayoyin kuma ba sa canjawa. Mai Hilux zai shigo, ya zaro waya, ya nuna mini hoton wata ƙatuwar akori-kura ta Amurka, ya ce haka yake so a mayar da tasa. Ga amsoshin na tara wuri guda. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mene ne ma abin ɗaga gaban nan?

Zobe ne mai kauri, na ƙarfe ko na alminiyam, ana ɗora shi a saman shok ɗin gaba domin hancin mota ya tashi ya yi daidai da baya. Ba ya ƙara mata ƙarfi, ba ya ƙara yawan kayan da za ta ɗauka. Tsayi kawai yake bayarwa.

Gaban motata ya fi bayanta ƙasa. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau, Alhaji, kwantar da hankalinka. Da gangan aka ƙera ta haka. Motar da aka yi don ɗaukar kusan tan guda dole bayanta ya zauna sama in ba kaya, domin in an loda ta sauko ta daidaita. In dai ba gefe guda ta karkata ba, babu abin gyara.

Ina son wili mai inci 20. Ya ka gani?

A'a. Girman wili yana cinye naman taya, naman tayar kuwa shi ke shanye duka. Ka bi hanyar Mora zuwa Dabanga da siririyar taya, rami ɗaya ya isa ya tsaga wilin. Tsaya a 16 ko 17. In daji kake shiga, ɗauki na ƙarfe: in ya lanƙwashe, kowane mai faci zai miƙar da shi da guduma ka iso gida. Na alminiyam tsagewa yake yi.

Na samu wili mai huji shida da araha. Zai shiga?

Sau nawa zan faɗa? Ƙidaya huji ba aune ba ne. Hilux mai ja da ƙafa huɗu tana da huji shida a kan da'irar milimita 139.7, ramin tsakiya kuma milimita 106. Yawancin Navara na 2005 zuwa sama su ma huji shida gare su, amma da'irarsu 114.3. Wilin Ford Ranger da na L200 hujinsu ya dace, ramin tsakiyarsu ya yi kaɗan. Land Cruiser 79 na yanzu huji biyar ne. Kuma notin wilin alminiyam na Toyota daban yake da na wilin ƙarfe. Kada ka biya sai an gwada a ƙafar gaba, an juya an ga bai taɓa birki ba. Wanda ya ce maka zai faɗaɗa hujin da injin huda, karɓi motarka ka tafi, ranka da na mutanen da ka ɗauko yake wasa da su.

Tayar okaziyo, wato ta hannu, fa?

Duba gefenta, bayan DOT akwai lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. In ta haura shekara shida, bar musu kayansu ko da zanenta na ƙyalli. Zafin Afrilu a nan ya wuce digiri 40, kwalta ta fi haka, tsohuwar roba kuma ba ta yin gargaɗi kafin ta fashe.

Ina loda albasa daga Marwa zuwa Kusiri in dawo ba kaya, da damina kuma ina shiga ƙauyukan karal, masu ƙasar laka. Cikin motar na taɓa ƙasa. In ɗaga gaba in sa taya 265/70R17, ko in tafi 285 gaba ɗaya?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Ba zan ba ka amsa guda ba, domin ta danganta da abubuwan da sai na ga motar da idona. Amma ga yadda nake bi.

Kafin ka kashe sefa ɗaya, nemo tef. Ajiye motar a daidaitaccen wuri, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a ƙafafu huɗu. Ka rubuta. Ranar lodi ka sake aunawa da buhunan a kai. In da kaya bayan ya riga ya sauko daidai da gaba, ko ya fi shi ƙasa, manta da ɗaga gaba. In ka ɗaga, duk ranar lodi hancin zai kalli sama, sitiyari ya yi sako-sako a hannunka, fitilarka ta shiga idon mai zuwa, birkin gaba kuma ya rage kamu. Mai irin lodinka sau da yawa bayansa ke neman taimako: sifirin ɗin baya ya gaji, a canja shi ko a ƙara masa ƙarfe ɗaya. Ka sani dai, in an ƙara, ranar dawowa ba kaya za ta riƙa dukan ƙugunka. Kowane zaɓi da kuɗinsa.

Sai kuma ka leƙa ƙarƙashi ka ga ina ne ke taɓawa. In farantin ƙarƙashin injin ne ya goge, zoben zai taimaka. In tulun aksul na baya ne ke noma ƙasa, kamar yadda ake yi a ramukan da manyan motoci ke bari a karal, ko ka ɗaga bodi har sama tulun yana inda yake. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Ga lissafin: 265/65R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita, tsayinta milimita 776. Ta 265/70R17 kusan 803. Rabin bambancin kake samu a ƙasa, wato milimita 13 kacal. Ta 285/70R17 tana kai 831, ka samu kamar 27. Mutane kan yi mamakin ƙanƙantar ribar, amma haka lissafin yake.

Ita 265/70 galibi tana shiga a kan wilin asali, wani lokaci ta ɗan goga robar tare laka in an karya sitiyari har ƙarshe. Na ce galibi, domin taya biyu masu lamba ɗaya daga kamfani biyu ba lallai girmansu ya zo ɗaya ba, kuma wilin da ya turo taya waje yana ƙara gugar. Sai an ɗaura, an karya sitiyari hagu da dama, gaba da baya, an hau ɗan tudu an sake gwadawa. Ita 285 kuwa kusan kullum sai an yanka roba, wani lokaci har ƙarfe. Ta fi nauyi, ta fi shan mai, tana ja wa birki da boris aiki, kuma tana rage wa mota ƙarfin tashi da kusan kashi 7 cikin ɗari. Mai injin 2.8 zai iya jurewa. Mai tsohon 3.0 marar turbo, wanda ake kira 5L, zai ji a jikinsa ranar da ya hau dutsen Ngaundere da kaya.

In aune ya nuna gaban na da wurin tashi, kada tashin ya wuce milimita 40 zuwa 50. Lura da kyau: kaurin zobe ba shi ne tsayin da za ka samu ba. Saboda inda shok yake zaune a hannun ƙafa, zobe mai milimita 25 kan ɗaga mota kusan ninki biyu. Na sha ganin wanda ya sayi mai 50 yana zaton 50 zai samu. Abin da ke biyo baya shi ne kardan, sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa wili, ya karkace fiye da kima, robarsa ta yage, ƙurar hunturu da ruwan laka su shiga, rotil na sama (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kanta) kuma ya riƙa aiki a ƙarshen iyakarsa. In kuma gaban ya sauka ne don tsufa, ko don an ɗaura ƙaton bamba na ƙarfe, zobe rufa-rufa ne. Sabon sifirin da sabon shok ne magani.

In ka matsa mini, ga inda na karkata, da sharaɗin na ga motar: gyara baya, sa 265/70R17 mai ƙarfin gefe, bar gaban yadda yake har damina guda ta wuce. In har lokacin farantin na bugawa, ka dawo mu sa ƙaramin zobe.

Tayar AT (ta kowace irin hanya) ko MT (ta laka)?

AT, ga mutum tara cikin goma da ke zuwa wurina. MT ta mai kwana a laka ce, irin masu aiki a fadamar Logon a Agusta. A kwalta tana kuka, tana saurin ci, kuma ba ta tsayawa da kyau in an yi ruwa. Abin da ya fi zane muhimmanci shi ne ƙarfinta. Nemi mai LT ko C a jiki, ka duba lambar nauyi: 112 na ɗaukar kilo 1,120, 120 na ɗaukar 1,400. Ƙayar aduwa da duwatsun Mokolo gefen taya suke ci.

Tawa ta kafin 2005 ce.

Zoben ba naka ba ne. Mai ja da ƙafa huɗu ta 1997 zuwa 2005 sandar murɗi gare ta a gaba, noti ake ɗaurewa ta tashi. A ɗaure kaɗan. In an zarce, za ta yi tauri kamar amalanke.

Dole ne in yi faralelis, wato daidaita ƙafafu, bayan an ɗaga?

Dole. A ranar. 'Yan Najeriya alaimen suke ce masa, abu ɗaya ne. Ku daina kashe kuɗi a sababbin tayoyi sannan ku yi ƙyashin wannan, wata biyu ku dawo gefe guda ya cinye kuna zargin mai taya. A saita fitila ma, a sake ɗaure notin wili bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Iska nawa zan buga?

Buɗe ƙofar direba, takardar na manne a jikin ginshiƙi. Auna da safe kafin taya ta yi zafi. Kada ka sace iska a tsakiyar tafiya don ka ga ta ƙaru, zafi ne ya ɗaga ta. A yashin mayo, wato busasshen kogi, za ka iya saukewa zuwa wajen 1.5 a ma'aunin bar ka tafi a hankali, amma sai in kana da famfon mayarwa kafin ka hau kwalta.

Agogon gudu zai canja?

Zai canja. Da 265/70 ƙara kamar 3 a kan kowane 100 da yake nuna maka. Kilomitan da yake ƙirgawa ma za su ragu da haka, sai ka lura wajen lokacin juye mai.

In sayi huɗu, in bar safayar yadda take?

Sayi biyar. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana son tayoyinta su zama tsayi ɗaya, safaya ƙarama kuwa tana wahalar da aksul in tafiya ta yi nisa, kuma tsakanin Waza da Kusiri tafiyar ba gajera ba ce. Kafin ka bar shagon, a ɗaga sabuwar a ƙarƙashin bodi a tabbatar ta shiga mazauninta, a kuma gwada jak ɗinka a ga yana iya raba motar da ƙasa yanzu da ta ƙara tsayi.