Kula da mai ciki da aka ci zarafinta tun tana yarinya

Wannan fanni ne na aikin ungozoma da likitan mata da ya shafi macen da aka yi wa fyaɗe ko lalata a ƙuruciya. Manufarsa ita ce kada awon ciki, naƙuda da jego su fama mata tsohon miki. A Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, ba kasafai ake kiran abin da sunansa ba. Sai a ce "an ɓata ta", a binne maganar cikin gida, yarinya ta girma, ta yi aure, ta zo awo ba wanda ya sani.

A watan Oktoba na 2024 UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata sama da miliyan 370 a duniya, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko cin zarafi irin wannan kafin su kai shekara 18. Miliyan 79 daga cikinsu suna Afirka kudu da Sahara. A Nijar akwai kuma auren wuri: binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matasan mata an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kuma kafin 15. Wadda aka yi wa ƙarfi a daren farko tana iya zuwa da irin wannan tabo.

Abin da ke tayar da shi

Ɗakin haihuwa yana maimaita wa mace abubuwa da yawa na ranar da aka cuce ta: kwanciya rigingine, yaye zane, hannun wani a jikinta, mutum tsaye a kanta. Har kalmomin lallashi, "ki saki jiki, yanzu za a gama", suna iya zama su ne ta ji a wancan lokacin. Wata takan matse cinyoyi, ta ture hannun saj-fam, wato ungozomar asibiti, jikinta ya ɗauki makyarkyata, sai a ce taurin kai gare ta. Wata kuma shiru take yi, ido buɗe, hankali ya tafi wani wuri. Ita ce aka fi kuskurewa, domin al'ada tana yabon mai ɗauke naƙuda ba kuka, musamman a haihuwar fari. Tsofaffi su ce jaruma ce, alhali ba ta ma san inda take ba. In abin ya yi tsanani, a ɗora wa iskoki.

Akwai kuma ƙin zuwa awo, tsananin tsoron haihuwa, mugun mafarki, da baƙin cikin bayan haihuwa. Wasu sukan ji ƙyamar ba da nono, su riƙa zargin kansu.

Yadda ake kulawa

Tunda yawancinsu ba za su faɗa ba, ba a jiran sai mace ta tona cikinta. Ana yi wa kowa yadda ya kamata a yi wa wadda abin ya sama. Ungozoma ta faɗi abin da za ta yi kafin ta taɓa: "Baiwar Allah, zan duba bakin mahaifa, kin yarda?" A ja labule, a bar mata zanenta a kan gwiwa, in ta ce a tsaya a tsaya. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 sun goyi bayan haka: duba bakin mahaifa sau ɗaya cikin awa huɗu ya isa ga naƙuda mai tafiya daidai, kada a yi wa kowace mace ƙari sai da dalili, ta zaɓi yadda za ta zauna ko ta durƙusa, kuma a bar wadda ta amince da ita kusa da ita. Tambaya kan abin da ya wuce, in za a yi, ba a yin ta gaban miji ko uwar miji.

A Zinder, wato Damagaram, ana fara awo a asibitocin unguwa da ake kira CSI, masu matsala kuma a tura su Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro. Gwamnati ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta a 2005, awon ciki a 2006. Sai dai kuɗi ba su kaɗai ke hana irin wannan mace zuwa ba, kuma inda ma'aikaciya ɗaya ke kan mata da yawa, neman izini shi ake fara mantawa.

A gida, wankan jego na kwana arba'in ma taɓa jiki ne. Ana iya barin mai jego ta zaɓi wadda za ta yi mata, ko a kai mata ruwan zafi da ganye ta yi da kanta, tsohuwa na jira a bakin makewayi.