Ƙasar Ibo: suna, iyakoki da siyasar ɓallewa

Ibo, ko Igbo kamar yadda masu abin suke rubutawa, ɗaya ce daga manyan ƙabilu uku na Nijeriya. Suna kiran kansu Ndi Igbo, ƙasarsu kuma Ala Igbo. Hausawa sun fi saninsu da Inyamurai, sunan da ake cewa ya fito daga "nye m mmiri", wato "ba ni ruwa", abin da aka riƙa ji a bakin baƙin da jirgin ƙasa ya sauke a Arewa. Da yawansu ba sa jin daɗin wannan suna. Ba su da adadi na hukuma, domin ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa ƙabilarsa ba.

Idan aka ce "ƙasar Ibo", taswira uku ake nufi, kuma babu wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta. Akwai jihohi biyar na Kudu maso Gabas: Abiya, Anambra, Ebonyi, Inugu da Imo. Akwai taswirar harshe, wadda ta tsallaka kogin Kwara zuwa arewacin jihar Delta, ta gangara cikin jihar Ribas, ta ɗan leƙa kudancin Binuwai. Sai ta uku, ta Biyafarar 1967, wadda ta fi su duka faɗi ta gefen teku, ta kuma haɗa da al'ummomin da ba Ibo ba ne ko kaɗan. Mafi yawan gardamar da ake yi kan ɓallewa, idan an tone ta, gardama ce kan wace taswira ce a hannun mai magana.

Yadda suna ɗaya ya game kowa

Zaman mutane a wannan ƙasa tsoho ne. Kayan tagullar da aka gano a Igbo-Ukwu, waɗanda masanin kayan tarihi Thurstan Shaw ya tona a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964, an ƙiyasta cewa na ƙarni na tara ne. Amma ba a taɓa samun daula ɗaya da ta tattara Ibo ba, irin yadda Sakkwato ko Oyo ko Binin suka tattara nasu. Eze Nri, sarkin garin Nri, yana da martabar addini a garuruwa da dama, ba shi da runduna. Mutanen Arochukwu sun shimfiɗa hanyoyin fatauci da cinikin bayi, suna jingina da tsafinsu Ibini Ukpabi, har Turawan Ingila suka murƙushe su a 1901 zuwa 1902. Sauran ƙasar garuruwa ne masu cin gashin kansu, dattawa da masu muƙaman gargajiya da ƙungiyoyin tsararraki ke yanke shawara a dandali. Daga nan aka samu maganar nan tasu, "Igbo enwe eze", wato Ibo ba su da sarki, ko da yake Onitsha, wadda Hausawa ke kira Anaca, tana da Obi, Asaba kuma tana da Asagba. Da Bature ya zo da mulkinsa na bi ta hannun sarakuna, wanda ya yi masa aiki a Arewa, sai ya rasa sarakunan. Ya naɗa nasa da takardar izini, abin da ya kai ga boren matan Aba na 1929.

A wancan zamani mutum ɗan garinsu ne kafin komai: ɗan Nkwerre, ɗan Ohafia, ɗan Awka. Mutanen Anaca ma, waɗanda ke danganta asalinsu da Eze Chima daga ɓangaren Binin, sun daɗe suna amfani da kalmar "Igbo" wajen kiran mutanen cikin ƙasa, ba kansu ba, kuma da ɗan raini a ciki. Sunan ya fara game kowa ne a waje, a bakin waɗanda aka sayar bayi zuwa ƙetare. Olaudah Equiano, tsohon bawa da ya zama marubuci, ya kira kansa "Eboe" a littafinsa na 1789. Daga baya mishan suka ƙara nasu da Baibul na 1913, wanda aka harhaɗa daga karuruwa daban-daban. Sai ƙaura. Da aka gano kwal a Udi a 1909, aka shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal zuwa Inugu, sannan zuwa Kaduna, dubban matasa suka bazu Legas, Jos, Zariya da Sabon Garin Kano, suna aikin akawu, reluwe da kasuwanci. A can ne ɗan Owerri da ɗan Nsukka suka tarar kowa yana kiransu da suna ɗaya. Ƙungiyar Ibo ta ƙasa baki ɗaya ta kafu a shekarun 1940, Nnamdi Azikiwe ya shugabance ta daga 1948. Shi Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904. A garin kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933.

Gefen da ake jayayya a kai

Yamma da kogin Kwara akwai mutanen Aniocha, Oshimili, Ika da Ukwuani, waɗanda yanzu ake haɗawa a ce Anioma. Ba su taɓa zama a cikin tsohuwar Jihar Gabas ba. Suna ƙarƙashin Jihar Yamma har 1963, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Tsakiyar Yamma, wadda firimiyanta Dennis Osadebay ɗan Asaba ne. A Asaba da kewayenta ba kasafai ake musun zama Ibo ba. A Agbor kuwa, inda sarauta da al'ada suka fi karkata ga Binin, za ka samu masu cewa su Ika ne kawai. Ƙudirin da Sanata Ned Nwoko ya kai majalisa a 2024 na kafa jihar Anioma ya sake tayar da tambayar: jihar za ta zama ta shida a Kudu maso Gabas ne, ko ta tsaya a Kudu maso Kudu?

A Ribas abin ya fi zafi, saboda Fatakwal da kuma mai. Turawa sun kafa birnin a wajajen 1912 a kan filayen Ikwerre na Diobu da kuma filayen mutanen Okrika. Masana harshe suna sa Ikwerre, Etche, Ogba da Ekpeye cikin dangin harshen Ibo, sunayen mutanensu ma irin na Ibo ne. Duk da haka ƙungiyar Ogbakor Ikwerre ta dage cewa Ikwerre ƙabila ce mai zaman kanta, kuma marubuci Elechi Amadi ya kare wannan matsayi a gaban kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan'adam. Bayan yaƙin basasa aka sauya rubutun sunayen unguwanni, aka ƙara harafin R: Umuokoro ta koma Rumuokoro, Umuomasi ta koma Rumuomasi, Obigbo kuma Oyigbo. Ikwerre na cewa ainihin lafazinsu suka maido. Ibon cikin ƙasa na cewa guje wa sunan wanda aka ci da yaƙi ne. Har yau 'yan siyasar Ikwerre bakinsu bai zo ɗaya ba: Rotimi Amaechi ya sha cewa shi Ibo ne, Nyesom Wike kuwa ya sha cewa Ribas ba ta cikin Biyafara.

Ta arewa, akwai ƙauyukan Ezza da Izzi a wasu ƙananan hukumomin kudancin Binuwai. Ba su da yawa, ba kuma a cika jin muryarsu ba.

Jihar Gabas da Biyafara

Jihar Gabas ta zamanin Turawa da Jamhuriya ta Farko ba ta Ibo kaɗai ba ce. Kusan kashi biyu cikin uku ne Ibo. Sauran Ibibio ne, Efik, Annang, Ijaw, Ogoni da mutanen Ogoja. Tun shekarun 1950 waɗannan ke neman jiharsu ta Kalaba, Ogoja da Ribas, don tsoron danniya. Hukumar Willink ta 1957 zuwa 1958 ta saurare su, ba ta ba su ba. Wanda ya fara ayyana ɓallewa da bindiga a yankin ma ba Ibo ba ne: Isaac Adaka Boro ne, ɗan Ijaw, a watan Fabrairun 1966, tawayen da bai wuce kwana goma sha biyu ba.

Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, wanda yawancin jagororinsa hafsoshin Ibo ne, ya ci rayukan Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Akintola, Birgediya Maimalari da wasu manyan sojoji. Manjo Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin Kaduna, haifaffen Kaduna ne, asalinsa kuwa Okpanam, yamma da Kwara. Janar Aguiyi-Ironsi, shi ma Ibo, ya karɓi mulki, a watan Mayu ya kafa doka mai lamba 34 da ta soke tsarin tarayya. Arewa ta ɗauke ta a matsayin mamaya, kuma a wannan lokacin kalmar da ke tashi a titunanta ita ce "a raba". Juyin ramuwa ya zo ranar 29 ga Yuli, aka kashe Ironsi, Yakubu Gowon ya hau mulki. A watan Mayu, sannan Satumba da Oktoba, aka kashe dubban 'yan Gabas a biranen Arewa. Ƙiyasin ya kama daga dubu takwas zuwa dubu talatin, fiye da miliyan ɗaya kuma suka gudu gida.

Taron sulhu na Aburi a Ghana a Janairun 1967 bai haifar da ɗa mai ido ba. Ranar 27 ga Mayu Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi goma sha biyu, ya tsaga Gabas gida uku: Gabas ta Tsakiya ga Ibo, Ribas da jihar Kudu maso Gabas ta lokacin (Kuros Riba da Akwa Ibom a yau) ga ƙananan ƙabilu. Da alƙalami ɗaya ya raba Ibo da teku, da Fatakwal, da yawancin rijiyoyin mai, ya kuma bai wa ƙananan ƙabilun abin da suka daɗe suna nema. Bayan kwana uku Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, ya ayyana Jamhuriyar Biyafara a kan dukkan tsohuwar Jihar Gabas. Yaƙin ya ɗauki wata talatin. Sojojin Biyafara sun mamaye Tsakiyar Yamma a Agusta aka koro su. Da sojojin tarayya suka shiga Asaba a Oktoban 1967 suka harbe ɗaruruwan maza fararen hula, mutanen da ba ma cikin Biyafarar suke ba. Tanzaniya, Gabon, Kwaddebuwa, Zambiya da Haiti ne kaɗai suka amince da sabuwar ƙasar. An ƙiyasta mutuwar mutum rabin miliyan zuwa miliyan biyu, yawanci yara da yunwa ta kashe bayan an toshe hanyoyin shigar abinci. Wanda ya miƙa wuya a Janairun 1970, Philip Effiong, Ibibio ne.

Ƙorafin bayan yaƙi

Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Abin da Ibo suka fi tunawa shi ne fam ashirin da aka bai wa masu ajiyar banki komai yawan kuɗinsu, da gidajensu na Fatakwal da aka ayyana "kadarorin da aka yasar". A Kano da Kaduna da yawa sun dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da maƙwabta suka tara musu. Alex Ekwueme ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 1979, Shehu Shagari ya yafe wa Ojukwu a 1982. Amma shiyyar ce kaɗai mai jihohi biyar, da ƙananan hukumomi 95 cikin 774, da sanatoci 15, kuma tun bayan Ironsi babu Ibo da ya shugabanci gwamnatin Nijeriya. Wannan lissafi shi ne abincin masu kiran ɓallewa.

MASSOB, IPOB da zaman gida

Ralph Uwazuruike ya kafa MASSOB, ƙungiyar masu fafutukar farfaɗo da Biyafara, a 1999. IPOB ta Nnamdi Kanu, wata ƙungiyar mai irin wannan buri, wadda ta bunƙasa ta gidan Rediyon Biyafara daga Landan, ta sha gabanta. An kama Kanu a Legas a Oktoban 2015, kamun da ya mai da shi gwarzo a idon matasa. Ƙungiyar Amnesty ta ce jami'an tsaro sun kashe aƙalla mutum 150 a tarukan magoya bayan Biyafara tsakanin Agustan 2015 da Agustan 2016. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka bai wa Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, daga baya suka janye. A Satumba sojoji suka dira gidansu Kanu a Umuahia, ya tsere, kotu ta ayyana IPOB ƙungiyar ta'addanci.

A Disambar 2020 Kanu ya kafa rundunarsa ta tsaro mai suna ESN. Daga nan hare-haren "'yan bindigar da ba a san ko su wane ne ba" suka yawaita a kan ofisoshin 'yan sanda da na hukumar zaɓe. A Afrilun 2021 aka fasa gidan yarin Owerri, fursunoni sama da 1,800 suka tsere, a watan Mayu kuma aka kashe ɗan siyasar Arewa Ahmed Gulak a garin. An kamo Kanu daga Kenya a Yunin 2021. Dokar zaman gida ta kowace Litinin ta fara a Agustan shekarar: babbar kasuwar Anaca da ta Ariaria a Aba a garƙame, makarantu a rufe, wanda ya fito yana iya rasa motarsa ko ransa. IPOB ta ce ta janye dokar, ɓangaren Simon Ekpa da ke Finland ya ci gaba da tilasta ta, wanda kuma ya fi shan wahalarta shi ne ɗan kasuwar Ibo da kansa. Kotun Finland ta ɗaure Ekpa shekara shida a Satumbar 2025. Ranar 20 ga Nuwamba babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke wa Kanu ɗaurin rai da rai, aka kai shi gidan yarin Sakkwato.

IPOB na neman ƙuri'ar raba gardama, abin da kundin tsarin mulkin 1999 bai tanada ba. Sashe na biyu ya ce Nijeriya ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. Taswirar ƙungiyar kuma ta haɗa da Delta, Bayelsa, Akwa Ibom, Kuros Riba, har da ƙasar Idoma da Igala, kuma shugabannin waɗannan al'ummomi sun sha cewa ba da su ba. Idan aka koma ga jihohi biyar, ƙasa ce ƙarama mai cunkoso da ba ta taɓa teku, miliyoyin 'ya'yanta kuma dukiyarsu tana Alaba a Legas, Sabon Garin Kano da Abuja. Shi ya sa Ohanaeze Ndigbo, babbar ƙungiyar dattawan Ibo, ta tsaya kan sake fasalin ƙasa da ƙarin jiha, kuma ƙuri'u sama da miliyan shida da Peter Obi ya samu a 2023 sun nuna inda wani babban ɓangare ya sa ransa.

Ita Ohanaeze jihohi bakwai take lissafawa, da Delta da Ribas, tana kuma karɓa-karɓar shugabancinta a tsakaninsu. A Janairun 2025 juyi ya zo kan Ribas, aka zaɓi tsohon sanata John Azuta-Mbata, ɗan Ikwerre, ya zama shugaban Ibo na duniya. Ba a daɗe ba Ogbakor Ikwerre ta fitar da sanarwa cewa ba da yawunta ba, ta kuma cire shi daga cikin membobinta.