Sunayen mutanen ƙasashe a Jamusanci: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Yaya Bajamushe yake kiran kansa?

Namiji Deutscher, mace Deutsche, ƙasar kuma Deutschland.

Deutscherin fa?

Babu ita, kada in sake ganinta a takardar kowa. Kalmar Deutscher tafiyar sifa take yi: ein Deutscher, amma der Deutsche, jam'i die Deutschen. Don Allah a haddace, a huta.

Ni ɗan Najeriya ne, me zan ce?

Ich bin Nigerianer. Mace ta ce Nigerianerin. Ba a sa ein a gaba. Kuma da babban baƙi ake farawa, domin haka kowane suna yake a Jamusanci.

Ɗan Nijar fa?

To, nan ne ake tuntuɓe. A rubuce, kuma a bakin ma'aikatar harkokin wajen Jamus, sunan shi ne Nigrer, mace Nigrerin, sifa nigrisch. Daidai ne, babu gardama. Sai dai Jamusawa da yawa ba su saba jin ta ba. Wani zai ɗauka kuskure ka yi, har ya gyara maka zuwa Nigerianer, ya mayar da mutumin Maraɗi ɗan Katsina ba da saninsa ba. A hira, ni dai na fi son mutum ya ce ich komme aus Niger, ya ƙara da Niamey ko Damagaram idan ya ga fuskar mai sauraro ta rikice. Za ka ji wasu suna cewa aus dem Niger, kada ya dame ka, duka biyun suna yawo. Amma a kan fom na ofis, wurin da aka rubuta Staatsangehörigkeit, wato kai ɗan wace ƙasa ne, nigrisch za ka sa, sannan ka duba abin da ma'aikaci ya shigar kafin ka sa hannu. Gyaran takarda daga baya ya fi wahala.

Kullum -er ake ƙarawa?

A'a. Ghanaer, Kameruner, Tschader, na yarda. Amma Franzose, Türke, Sudanese, matansu Französin, Türkin, Sudanesin. Hankalinka ya kwanta, da yawan ji suke zama.

Me ya sa Jamus take da sunaye barkatai a bakin maƙwabta?

Ba ta dunƙule ƙasa ɗaya ba sai 1871. Faransawa suka ɗauki sunan ƙabilar Alemanni suka ce Allemagne, mutanen Finland suka ɗauki na Saxon suka ce Saksa. Ba za a tambaye ka wannan a ofishin biza ba.