Tallafin waje ga kafafen yaɗa labarai ba sayen baki ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka duk rediyo ko jaridar da ta karɓi kuɗi daga ƙasar waje to shi ke nan an saye ta, abin da Turawa suka ce shi za ta faɗa. Wallahi ba haka abin yake tafiya ba. Galibi kuɗin ba ya shiga aljihun edita kai tsaye, ana bi da shi ne ta ƙungiyoyi irin su Internews ko Fondation Hirondelle ta Suwizalan, su kuma su sayi janareta da na'urar watsa shiri, su horar da 'yan jarida, su biya albashi na wani ɗan lokaci, kuma sai an kawo rasit na duk abin da aka kashe.

Ita Hirondelle an kafa ta ne a 1995 bayan an ga yadda rediyon RTLM ya rura wutar kisan kiyashi a Ruwanda a 1994, kuma ita ce tare da Majalisar Ɗinkin Duniya suka buɗe Radio Okapi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 2002.

Eh, mai bayarwa yana da ra'ayinsa, shi ke zaɓar fannin da zai zuba kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fi damuna shi ne dogaro. A 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da kuɗin USAID, wato hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, kafafe da dama a ƙasashe daban-daban suka rage ma'aikata, wasu ma suka rufe, don ba su gina hanyar samun kuɗin talla ko na masu sauraro ba.